Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan Saman Cikin Wasan Tseren Mota, Gaskiya Ne Ko Ado?

Takardar da muka ɗauko yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi mai cin kasuwannin ƙauye, ga kuma abin da yake cewa: "Don Allah ku yi mini bayani a kan wasan nan na tseren motoci da yara ke yi a kwamfuta. Na ga ana ruwan sama a ciki, har ruwa yana kwanciya bisa kwalta, mota ta taka ta wulwula. Shin haka ruwa yake yi wa mota da gaske, ko kuwa ado ne kawai irin na majigi?"

To Malam, mun gode da wannan tambaya taka. Amsar dai ita ce, ya danganta da irin wasan. Akwai wanda aka yi shi don nishaɗi kawai, akwai kuma wanda aka yi don ya kwaikwayi tuƙi na sosai, har da sitiyari da birki da totur da ake jona wa na'urar. Irin wannan na biyun, direbobin tsere ma suna atisaye da shi. Akwai wani matashi ɗan Ingila, Jann Mardenborough, wanda ya ci gasar wasan Gran Turismo a 2011, daga nan kamfanin Nissan ya ɗora shi kan motar tsere ta gaske.

A yawancin wasannin da, ruwan sama ado ne, kamar yadda ka zata. Za ka ga ɗigo a gilashi, kwalta tana ƙyalli, sai a ƙara wa hanyar santsi daidai wa daida tun daga farko har ƙarshe, shi ke nan. To kai da kake hulɗa da manoma ka san ruwa ba haka yake ba. Idan aka tafka ruwa da dare, da safe sai ka tarar jigawa ta tsane, kwari kuwa yana nan cike, har shuka ta yi ja. Kwalta ma haka take, tana da tudunta da kwarinta, ko da ido bai gani ba.

A 2015 wani wasa na Amurka mai suna Forza Motorsport 6 ya fito da ruwa kwance a daidai wuraren da yake taruwa a filayen tsere na gaske, kuma idan taya ta taka sai motar ta amsa. Sai dai ruwan nan yana wuri ɗaya ne, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. A 2017 wani na Ingila, Project CARS 2, ya sa ruwan yana gangarawa yana taruwa yayin da ake tseren. Gran Turismo 7 na Japan ya fito a 2022, inda za ka ga sawun da motoci ke bi yana bushewa a hankali, gefensa kuma yana nan sharkaf. Shi kuwa iRacing na Amurka, tun 2008 ake yinsa, amma bai saka ruwan sama ba sai watan Maris na 2024. Kun ga ke nan aikin ba ƙarami ba ne.

To yaya ake yi? Da farko akan je filin tseren na gaske da na'urar awo mai hasken leza, a auna kowane gangare da kowace 'yar lotsawa. Sannan a cikin kwamfuta a yanka hanyar ƙanana-ƙanana, kamar fangalin mai lambu. A kowane yanki kwamfuta tana lissafin ruwan da ya sauka, da wanda ya gangara zuwa maƙwabcinsa, da wanda tayoyi suka watsar, da wanda iska da rana suka shanye. Ita kuma taya, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda ake sake lissafin yadda ta riƙe ƙasa. Saboda haka ba wanda ya zana ruwan da hannu, lissafi ne ya kai shi inda ya kwanta.

Yanzu sai mu zo ga abin da ka gani, wato mota ta taka ruwa ta wulwula. Wannan kam gaskiya ne, kuma shi ne inda maganar ta shafe mu duka. Zanen nan da ke jikin taya, aikinsa shi ne ya kori ruwa gefe domin roba ta taɓa kwalta. Idan gudu ya yi yawa, ruwan ba ya samun damar fita, sai ya shiga ƙarƙashin tayar ya ɗaga ta. A lokacin motar ta zama kwalekwale, sitiyari ba ya ji, birki ba ya ji. Tun a 1963 masana a hukumar NASA ta Amurka suka binciki wannan abu saboda jiragen sama da ke sauka kan jiƙaƙƙen fili, suka gano cewa yawan iskar da ke cikin taya yana da hannu a ciki. Bisa lissafinsu, idan ruwa ya yi zurfi, tayar da ma'aunin mai faci ya nuna 36 za ta tashi gaba ɗaya a wajen gudun kilomita 100 cikin sa'a, mai 25 kuwa tun a wajen kilomita 83. Suɗaɗɗiyar taya ba ta ma kai nan ba. Idan kuma tayoyin gefe ɗaya ne kawai suka faɗa ruwan, sai ka ji motar ta fizga ta wannan gefen. Wasanni masu kyau duk suna nuna wannan.

Akwai kuma wani abu da zai ba ka mamaki. Sawun da motocin tsere suka saba bi yakan sha roba har ya yi baƙi. Da rani nan ne taya ta fi kamawa, amma da an fara yayyafi nan ne ya fi ko'ina santsi, don haka ƙwararru sukan kauce masa a kwana. A hanyoyinmu ma ruwan farko bayan dogon rani ya fi mugunta, domin yana taso da ƙura da baƙin man da motoci suka zubar.

Kada ku ɗauka masu tsere sun fi ƙarfin wannan. Kamfanin Pirelli ya ce tayar ruwa da ya yi wa motocin Formula 1 a 2017 tana korar lita 85 cikin daƙiƙa ɗaya a gudun kilomita 300, wato fiye da jarka huɗu masu cin lita ashirin-ashirin. Duk da haka a watan Agusta na 2021, a filin Spa na ƙasar Beljiyam, zagaye kaɗan aka yi a hankali aka dakatar da tseren, saboda feshin ruwa ya hana direbobi ganin gabansu. Kafin nan, a watan Oktoba na 2014, a filin Suzuka na Japan, motar Jules Bianchi ɗan Faransa ta ƙwace cikin ruwa ta bugi janwe. Raunin da ya samu shi ya zama ajalinsa a watan Yuli na 2015, yana da shekara 25.

Sai dai fa, Malam, komai kyan wasa akwai inda ya tsaya. Direba na gaske da jikinsa yake jin mota ta fara zamewa, mai wasa kuwa sai ido da kunne da ɗan motsin sitiyari. Filin tsere ba shi da ramin da ruwa ya rufe, kuma motar ba ta ɗauke da buhunan masara da fasinja a bisa. Uwa uba, mai wasa idan ya kife maɓalli zai danna ya sake sabon lale. Don haka kada wani yaro ya ce ya ƙware a ruwa don ya ci tsere a kwamfuta.

Abin da za mu ɗauka shi ne wannan. Kafin damina ta kankama, a duba zanen taya, a je wa mai faci ya auna iska. Idan hadari ya sauko a rage gudu, a ninka tazarar da ake bai wa motar gaba, domin birki a jiƙaƙƙiyar kwalta yana cin aƙalla ninki biyu na hanyar da ya saba ci. Idan kuma ka ji sitiyari ya yi sakayau a hannunka, kada ka danne birki da ƙarfi, kada ka murɗa. Ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe har taya ta koma ƙasa. Ku kuma fasinjoji, ku daina zuga direba wai kasuwa za ta watse. Hausawa na cewa tafiya sannu-sannu kwana nesa.