Wane karatu ya kamaci yaron da ke son aikin lafiya?

Jawabin da wakilinmu ya gabatar a gaban taron iyayen ɗaliban da suka ci jarrabawar bak

Kafin in ce kome ina neman gafara, domin ni ba likita ba ne, ɗan jarida ne. Abin da ya ba ni bakin magana a gabanku abu biyu ne: aikina ya sa na zaga gidajen likita na birni da na ƙauye, sa'an nan akwai wani abin da ya faru a gidanmu wanda har yau bai bar zuciyata ba.

Shekarun baya na raka gwaggona wani gidan likita tana fama da ciwon kai da jiri. Wanda ya duba ta yaro ne mai ilimi, bai ɓata lokaci ba ya gane hawan jini ne. Ya rubuta takardar magani da Faransanci, ya dube ni ya ce ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya kira na gaba. Bai gaya mata cewa maganin hawan jini ba a barin shi don an ji sauƙi ba, ni ma da nake taƙama da boko ban tambaya ba. Kwali ya ƙare, ta ji garau, ta ce ta warke. Bayan wata huɗu muka komo da ita a kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Yaron nan ya san cutar sarai. Abin da ba a koya masa ba shi ne yadda tsohuwar da ba ta shiga lakkwal ba take fahimtar ciwo da warkewa. Tun ranar nake tambayar kaina: wane irin karatu ne zai haɗa wa mutum sanin cuta da sanin mai cutar?

Bari mu fara duba yadda wasu suka yi. A Amurka yaro ba ya fita daga lise ya faɗa karatun likita kai tsaye. Sai ya yi shekara 4 a jami'a ya sami digirin farko, sa'an nan ya nemi makarantar likita, wadda ita ma shekara 4 ce. Jami'ar Johns Hopkins ce ta kafa wannan sharaɗi tun da ta buɗe makarantarta ta likita a 1893, kuma rahoton da Abraham Flexner ya fitar a 1910 ya sa sauran makarantu suka ƙarfafa sharuɗɗansu na kimiyya. Abin lura shi ne, ba a tilasta wa ɗalibi fannin da zai yi digirin farko a ciki. Yana iya karanta tarihi ko tattalin arziki, muddin ya cika darussan da makarantun likita suka saba nema: ilimin halittu, kimiyyar sinadarai iri biyu, fizik, duka tare da aikin ɗakin gwaji, galibi kuma da lissafi ko ƙididdiga.

Wasu jami'o'in sun wuce nan, sun yarda ɗalibi ya tsara fanninsa da kansa. Jami'ar Brown ta buɗe wannan ƙofa a 1969, jami'ar New York kuma tana da makaranta sukutum, mai suna Gallatin, wadda aikinta ke nan. Kada ku zaci sakaka ake yin abin. Ɗalibi zai rubuta takarda ya faɗi tambayar da yake son karatunsa ya amsa, ya jera darussan da zai ɗauko daga sassa daban-daban, ya nuna dalilin kowane, ya sami malamin da zai tsaya masa, sa'an nan kwamiti ya zauna ya amince ko ya mayar masa ya gyara. A ƙarshe ya rubuta kundin bincike. Ita kanta jarrabawar shiga makarantar likita, wadda suke kira MCAT, an sake mata fasali a 2015, aka ƙara mata sashe guda a kan halayyar ɗan Adam da zamantakewa.

Wanda ya fi nuna amfanin wannan hanya shi ne marigayi Paul Farmer. Ya yi digirin farko a jami'ar Duke a fannin al'adun mutane game da cuta da magani, sa'an nan a 1990 ya gama Harvard da digiri biyu, na likita da na nazarin al'adu. A ƙasar Haiti ya tarar ana zargin masu tarin fuka da cewa camfi ke sa su barin magani. Da ya bincika sai ya ga yunwa ce da nisan hanya. Sai ƙungiyarsa ta ɗauki mutanen ƙauye aiki suna kai wa maras lafiya magani har gida, ana kuma taimaka masa da abinci, mutane suka riƙa warkewa. Ya rasu a 2022 a Ruwanda, inda ƙungiyar tasa ta kafa jami'ar koyon aikin lafiya.

Amma kada in yaudare ku, tsarin Amurka tsada gare shi. Sabon likita a can yakan fito da bashin da ya kai kimanin dala 200,000, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba, wato sama da miliyan 100 na sefa. Ba wannan nake yi mana fata ba.

Faransa, wadda muka gaji tsarin karatunmu daga gare ta, ta daɗe a kan wata hanyar. Daga 1971 gwamnati ke ƙayyade yawan waɗanda za su wuce shekarar farko ta karatun likita. Mafi yawan ɗalibai faɗuwa suke yi, wasu sau biyu, su fita hannu rabbana bayan shekara biyu na wahala. A 2020 aka soke wannan tsari, aka buɗe hanyoyi biyu. A ta farko ɗalibi yana karatun lafiya tare da wani ƙaramin fanni a gefe. A ta biyu yana yin lisans ɗinsa a shari'a, ko tattalin arziki, ko kimiyya, tare da darussan lafiya, daga nan ya nemi shiga likita. In bai samu ba, shekararsa ba ta faɗi banza ba, sai ya ci gaba da lisans. Gyaran bai zo da sauƙi ba, har kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta soki sarƙaƙiyarsa a ƙarshen 2024. Duk da haka tushen tunanin yana da kyau: kada a rataya rayuwar yaro a igiya ɗaya.

To, mu fa? Wani zai ce wannan zancen masu ƙoshi ne, mu da likitoci ba su ishe mu ba ina mu ina ƙawa. Ni kuwa na ce tarihinmu ne ya fi na kowa goyon bayan maganata. Dattawan da ke nan sun san kurkunu, sun san yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar sha. Da rijiya da ƙyallen tace ruwa da wayar da kan mutane da ƙirga masu cutar ƙauye-ƙauye aka kashe shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. A watan Janairu na 2025 hukumar ta sake shaida cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar bakin kogi, kuma babban ɓangaren wannan aiki na masana ƙwari ne da masana ruwa, waɗanda suka bi ƙudan da ke yaɗa cutar har inda yake ƙyanƙyasa.

Ku dubi kuma inda aka yi tuntuɓe. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jita, cutar ta tsallaka iyaka ta bazu ƙasashe da dama. Maganin yana nan, yardar jama'a ce ta ɓace, kuma sai da aka koma ga sarakuna da malamai kafin a dawo da ita. A gida, gwamnati ta yafe kuɗin fiɗar haihuwa a 2005, ta yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. Niyya ce mai kyau, amma da aka riƙa jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu, sai kantocin magani suka bushe. Wannan ciwo ne na lissafi da tafiyar da kuɗi, ba a warkar da shi da allura. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun yi rubutu mai yawa a kansa, kuma littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003 ya nuna yadda tarbar da ake yi wa maras lafiya a manyan biranen Afirka ta Yamma biyar, har da Yamai, take korar mutane daga gidan likita.

Saboda haka ga shawarata, in an yarda ɗan jarida ya ba da shawara. Jami'o'inmu suna bin tsarin LMD, inda lisans take shekara 3, zango 6, kiredi 180. Da ni ne mai tsarawa, da na raba su haka. Kiredi 90, wato rabi cur, na kimiyya ne: ilimin halittu, sinadarai, fizik, ginin jikin mutum da yadda yake aiki. Wannan shi ne harsashi, ba a rage shi don a faranta wa kowa. Kiredi 30 na ƙididdiga da ilimin yaɗuwar cututtuka da aiki da kwamfuta, domin wanda bai iya karanta alƙaluma ba ba zai ga sanƙarau na tafe ba sai ya shigo gari. Kiredi 30 na zamantakewa da al'adu da halayyar ɗan Adam, a ciki har da koyon bayanin cuta da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci, gwargwadon inda mutum zai yi aiki. Kiredi 15 na tattalin arziki da tafiyar da ma'aikata da dokokin aikin lafiya. Sauran 15 na zaman koyon aiki ne a CSI ta karkara, da kundin da ɗalibi zai rubuta a kan matsala guda da ya gani da idonsa.

Na san za a ce mini taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne, in an cusa su baki ɗaya. Shi ya sa dole karatun ya rataya a kan tambaya guda, kamar yadda Amurkawa ke sa ɗalibi ya rubuta tun farko. Yarinyar da ta ce tana son gane abin da ke hana mata zuwa awon ciki a jahar Tawa ta san abin da za ta ɗauko daga kowane fanni. Yaron da ya ce yana son gane dalilin da tamowa ke yawa a jahar Maraɗi, alhali nan ne rumbun hatsi, zai bukaci ilimin abinci da farashin gero da al'adar yaye. Wanda ba shi da tambaya kuwa, tsince-tsince kawai zai yi, ya fito bai ƙware a kome ba.

Akwai gargaɗi da ya wajaba in yi wa iyaye, domin ku ne masu kwance bakin aljihu. Irin wannan lisans ba ta mayar da mutum likita. Mai riƙe da ita ba shi da izinin duba maras lafiya, ko rubuta magani, ko karɓar haihuwa. Wanda ke son haka dole ya bi fakulten kimiyyar lafiya, a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko ta André Salifou a Damagaram, ko makarantun ENSP da makamantansu da hukuma ta amince da su. Amfaninta shi ne ta shirya yaro ya shiga waɗannan da ƙarfinsa, in kuma ƙofar ba ta buɗe ba, ya kama wata: lura da annoba, tafiyar da gundumar lafiya, kula da sayen magani da ajiyarsa, yaƙi da tamowa, bincike. Kafin ku biya ko dala ɗaya a makarantar kuɗi, ku tambayi abu uku. Shin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da takardar? Shin hukumar CAMES ta san da ita? A wane gidan likita ɗalibai ke koyon aiki, kuma wata nawa? In aka fara yi muku kwana-kwana, ku tashi da kuɗinku.

Ga shugabannin jami'o'i da ma'aikatun da abin ya shafa, roƙona ba ya bukatar sabon gini. Fakulten lafiya da ta adabi da ta tattalin arziki duk suna nan, sai dai kowace ta ja ƙofarta ta rufe. A yarda ɗalibin likita ya ɗauki darasi a sashen zamantakewa a lissafa masa. A yarda wanda ya faɗi shekarar farko ya tafi da kiredin da ya ci zuwa wani fanni. Ku kuma alhazai masu ba da taimakon karatu, ku tuna da yaron da zai ƙirga magani da wanda zai gano annoba, kada ku tsaya ga mai farar riga kaɗai.

Ƙannena, ku ne za ku zauna a kujerar yaron nan da ya duba gwaggona. Ranar da tsohuwa ta zauna a gabanku, ku tambaye ta da harshenta abin da ta fahimta kafin ta tashi, ku sa ta maimaita muku. Minti biyu ne, amma da an ba mu su, wataƙila da yau tana tafiya da ƙafafunta. Allah ya yi wa karatunku albarka, ya saka wa iyayenku da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.