Tsargiya da Fitsarin Jini a Tsakanin Yara



Daga cikin cututtukan da kan kama mafitsara da al'aurar yara a ƙasar Hausa, da wuya a sami wadda aka raina kamar tsargiya, watau fitsarin jini. A ƙauyuka da dama, idan yaro ɗan shekara 10 ko 12 ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, sai a ce ai alamar balaga ce. Dalilin wannan zato a fili yake: abin da ya game kusan dukan samarin gari, da wuya mutanen garin su kira shi ciwo.

Alhali kuwa tsutsa ce ke haddasa ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ne ya gano tsutsar a Alƙahira cikin shekarar 1851. Ga yadda take yaɗuwa. Mai cutar ya yi fitsari a kududdufi ko rafi, ƙwayayen da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige jikin wani ƙaramin dodon-koɗi, su hayayyafa. Bayan 'yan makonni sai su fito cikin ruwa, su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki ko su. Daga nan su girma, su zauna cikin jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, macen ta yi ta zuba ƙwai masu ƙaya. Ƙwan nan ne ke raunata mafitsara, jini ya biyo fitsari. Ashe ba tsallake fitsarin wani ke kawo ta ba, ba kuma zafin rana ba.

Madatsun ruwa, irin ta Tiga da aka gama a 1974, sun kawo albarkar noman rani, amma magudanansu sun zama matattarar dodon-koɗi, yara kuwa ba su ƙi iyo ba.

Idan aka ƙyale ta, takan jawo ƙarancin jini da kasala, karatun yaro ya ja baya. In ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari, ta lalata ƙoda, har ta kai ga ciwon daji na mafitsara. Na 'yan mata ya fi ban tausayi, domin ƙwan kan sauka a al'aura da bakin mahaifa, ya kawo ƙaiƙayi da zubar jini, a yi wa yarinya mummunan zato, ita kuwa kunya ta hana ta magana.

Maganinta, praziquantel, ƙwaya ce da ake sha gwargwadon nauyin yaro ko tsawonsa, a makarantu ma akan raba ta. Sai dai ba ta hana sake kamuwa, muddin yaro ya koma kududdufin nan. Ruwan wanka kuwa, idan aka ɗebo shi aka ajiye kwana 2, 'ya'yan tsutsar da ke ciki sukan mutu.