Murjani a Gilashi, Tarwaɗa a Kududdufi: Neman Tushen Cuta a Cikin Ruwa



Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya, ya san kuma fatake ne suka riƙa ƙetaro hamada da shi daga Bahar Rum. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, murjani dabba ce. Wasu 'yan halittu ne masu taushi da ke zaune jingim a ƙarƙashin teku, suna gina wa kansu gidan dutse. Irin da ke rayuwa a tekuna masu ɗumi, wanda ya bambanta da jan nan na ado, yana ɗauke da wata gansakuka a cikin naman jikinsa, ita ce ke sarrafa hasken rana ta ciyar da shi, ta kuma ba shi launi. Idan zafin ruwa ya haura abin da ya saba da digiri 1 kacal, ya kuma ɗore haka makonni, sai ya kori gansakukar, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ta faru a tekunan duniya a 1998, ta sake faruwa a gaɓar Ostareliya a 2016.

A Turai da Amurka akwai masu kiwon murjani a ɗaki, cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri. Gwanayensu suna da wata ƙa'ida: in murjani ya ƙi buɗewa, ko ya koɗe, ko namansa ya fara saɓulewa, ba a fara neman magani. Ruwa ake aunawa. Shin zafinsa yana kusa da digiri 25? Gishirinsa yana nan wajen giram 35 a kowace lita? Me aka sake a makon da ya wuce, fitila ko abinci? In kuma za a yi gyara, abu guda ake gyarawa, a jira a ga sakamako, gama sauyin gaggawa kan kashe abin da cutar ta bari.

To, babu teku a ƙasar Sakkwato, amma wannan ƙa'ida tana da aiki a nan. Tun da aka kammala madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, ruwan rani ya samu a Goronyo da fadamar Wurno, kamar yadda madatsar Bakolori ta sake tafiyar Gulbin Sakkwato da ke bi ta Rabah. Inda ruwa ya zauna kuwa, mai kiwon kifi ba ya nisa, ko a kududdufin ƙasa, ko a kwamin siminti a bayan gida. Fiye da rabin kuɗin da ya kashe kan tafi ne a abinci, saboda haka kifin da ya mutu a wata na huɗu ya tafi da jarin duka.

Tarwaɗa, wadda ita aka fi kiwatawa, tana da wata baiwa da ke yaudarar mai ita. Tana iya shaƙar iska daga sama, don haka takan jure ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Sai mai kiwo ya ɗauka lafiya lau, alhali ruwan ya daɗe da ɓaci. Ran da ya ga kifi sun ƙi abinci, suna tsaye a miƙe kai sama, ko gyambo ya fito musu, sai ya garzaya kasuwa ya sayo ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta ya zuba. Sau da yawa asara ce a kan asara.

Abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne lokaci. Cikin hunturu, watau Disamba da Janairu, ruwan kwami yakan yi sanyi da dare, tarwaɗa kuwa ta fi son digiri 26 zuwa 30. In ta ji sanyi sai ta rage ci. Mai kiwon da bai rage mudu ba, ragowar abincin za ta nutse ta ruɓe, ta haɗu da kashin kifi ta zama amoniya, gubar da ke ƙona kumatun da kifi ke numfashi da su. Cikin bazara kuma, lokacin da zafin Afirilu ke wuce digiri 40, ruwa ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, dafin amoniya kuwa ƙaruwa yake da zafi. Kududdufin da ya yi kore shar da gansakuka ya fi kowanne haɗari da asuba, domin gansakukar da ke ba da oksijin da rana ita ke shanye shi da dare. Wanda duk ya saba tarar da mushen kifi da sassafe, ya fara tuhumar wannan.

Sai kuma mafarin ruwan. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da isasshiyar iska, ya kamata a bar shi ya sha sarari kafin a tura. Ruwan magudanar da ta ratsa gonakin shinkafa, albasa da tafarnuwa kuwa yana iya ɗauko maganin feshi. Alamarsa ita ce mutuwar farat ɗaya, manya da ƙanana, jim kaɗan bayan an ƙara ruwa, saɓanin cuta wadda ke ɗauka ɗaya-ɗaya cikin kwanaki. Ambaliyar 2010 ta nuna wa mutanen Goronyo da Wurno yadda gulbi ke shiga inda ba a gayyace shi ba, da duk abin da ya kwaso.

Gyaran ba shi da tsada. A dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, tarwaɗa ba za ta mutu don wannan ba. A zubar da sulusin ruwan, a mayar da sabo sannu a hankali, kada a juye duka. A kwashe matattu nan take, a rage cunkoso. In bayan haka mutuwa ba ta tsaya ba, sa'an nan a kai kifi mai rai da kwalbar ruwan ga likitan dabbobi, ko masana kifi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko cibiyar binciken kifi ta New Bussa. Malamin gona da zai fita rangadi Wurno ko Rabah kuwa, ya saka ma'aunin zafi da kayan gwajin amoniya a jakarsa, ya kuma roƙi mai kiwo ya riƙe littafi, yana rubuta mudun abincin kowace rana, da ranar sauya ruwa, da yawan kifin da suka mutu.