Shanyewar Ɓarin Fuska: Wa Zai Biya Kuɗin Bincikenmu?

Laccar da aka gabatar a unguwar Gidan Igwai, birnin Sakkwato

 

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Maganata ta yau a kan mutumin da fuskarsa ta daina ba da labari ce. Ya kwanta lafiya ƙalau, ya wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, in ya zo kurkure baki wajen alwala ruwan ya zube ta gefe. Maƙwabta su ce iska ce ta buge shi. Likitoci kuwa suna kiran abin shanyewar ɓarin fuska.

A cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta bakwai ce ke motsa naman fuska. Tana ratsawa ta wani siririn rami a cikin ƙashin da ke kewaye da kunne. Idan ta kumbura a wannan ƙunci, ƙashi ba ya buɗa mata, sai ta matse, saƙo ya daina isa fuska. Manyan likitocin Musulunci, Al-Razi da Ibn Sina, sun siffanta ciwon tun fiye da shekara dubu da ta wuce. A 1821 wani likita ɗan Sukotlan, Charles Bell, ya bayyana aikin jijiyar, shi ya sa nau'in da ke zuwa farat ɗaya ba tare da sanannen dalili ba yake ɗauke da sunansa. A ƙasashen da aka yi ƙidaya, yana kama mutum 15 zuwa 30 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma ya fi samun masu juna biyu da masu ciwon suga.

Ga gargaɗi kafin in ci gaba. Shanyewar ɓarin jiki ma tana karkatar da baki. Galibi mai ita yana iya ɗaga gira da tattare goshi, amma hannu ko ƙafa sun yi nauyi, ko magana ta sarƙe. Mai ciwon jijiyar fuska kuwa, har goshinsa na wannan gefen ba ya motsi. Wannan hukunci ba na gida ba ne. Duk wanda bakinsa ya karkace, a kai shi asibiti a ranar.

Shekaru da dama likitoci suna gardama kan magani, wasu su ba da na rage kumburi, wasu na kashe ƙwayar cuta, wasu su ce a bar shi ya warke da kansa. Kuɗin bincike ne ya raba gardamar. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta ɗauki nauyin wani gwaji a Sukotlan a kan majinyata 551, aka buga sakamakonsa a 2007. Waɗanda aka ba maganin kumburi na prednisolone cikin awa 72 da farawar ciwon, kashi 83 cikin ɗari sun warke sarai bayan wata uku, waɗanda ba a ba su ba kuwa kimanin kashi 64. Bayan wata tara lissafin ya koma kashi 94 da kashi 82. Magani ne mai araha da aka daɗe da sani. Abin da aka saya da kuɗin shi ne tabbaci, kuma har mu a nan muna cin moriyarsa.

Sai wani ya ce tunda Turawa sun gano, mu me ya rage mana? Abin da ya rage shi ne tambayoyin da mutumin Sukotlan ba shi da dalilin yi.

Ta farko, me ke shanye fuskokin mutanenmu? Yaron da kunnensa ya shekara yana fitar da ruwa, ciwon na iya cin ƙashi har ya taɓa jijiyar. Ɗan kabu-kabun da ya faɗi ba hular kwano, ƙashin gefen kansa na iya tsagewa ya yanke ta. Kuturta, wadda asibitin Amanawa ya daɗe yana jinyar masu ita, tana hana ido rufuwa. Akwai kuma ƙari a gindin kunne. Kowanne da maganinsa daban, kuma sai an ƙirga sannan za a san wanda ya fi yawa a Wamakko ko Gwadabawa.

Ta biyu, ina majinyaci yake kwana ukun farko? Kun fi ni sani: wajen mai tofi, wajen wanzami, ko a kemis. Addu'a ba ta hana magani, kuma waɗannan mutane su ne suka fara ganin mara lafiya. Ana buƙatar a gwada a gani, idan an koya musu alamomin tare da ba su lambar da za su kira, majinyata nawa za su iso kafin lokaci ya ƙure.

Ta uku, maganin kansa. Prednisolone yana ɗaga suga da hawan jini, yana kuma raunana garkuwar jiki. A inda mutane da yawa ke yawo da waɗannan cututtuka ba su sani ba, ba abin da za a saya a kemis a sha da ka ba ne. Wace ƙa'ida ce ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai bi cikin aminci?

Ta huɗu, ido. Idon da ba ya rufuwa yana bushewa, ya yi gyambo, har gani ya tafi. Ku auna wannan da ƙurar hunturu da zafin bazarar Sakkwato. Wace hanya ce mafi sauƙi ta kare shi ga wanda ba shi da kuɗin sayen maganin ɗigawa kullum?

Ta biyar, waɗanda ba su warke ba. Budurwar da aka fasa aurenta, malamin da haruffan leɓe suka gagare shi, ɗan kasuwar da ya daina fita. Akwai atisayen fuska a hannun masana gashi da motsa jiki, akwai tiyatar dashen jijiya da ta tsoka, amma duk suna son ƙwararru da kayan aiki.

Mun ga abin da bincike ya yi a garin nan. Cutar noma, mai cin naman fuskar yara, daban take da wadda muke magana a kai, amma darasin ɗaya ne. An buɗe Asibitin Yara na Noma a Sakkwato a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo da tallafi a 2014, aka riƙa tattara bayanai ana bugawa. Da irin waɗannan hujjoji Nijeriya ta jagoranci wasu ƙasashe, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Ciwon da aka ƙirga shi ake yi wa kasafi.

Alkawura kuwa an sha yi. Tsarin Legas na 1980 ya nemi ƙasashen Afirka su kashe kashi 1 cikin ɗari na arzikinsu kan kimiyya da bincike. Yarjejeniyar Abuja ta 2001 ta ce a ba lafiya kashi 15 na kasafi. Taron Bamako na 2008 ya nemi a ware aƙalla kashi 2 na kuɗin lafiya domin bincike. Cikawa ce ta gagara. Gadon bincike ma muna da shi, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya zauna ya yi rubutu kan maganin ciwon ido da na basur.

Saboda haka ina da roƙo huɗu. Gwamnatin jiha da majalisar dokoki su buɗe layi na musamman a kasafin lafiya domin bincike, a kuma saki kuɗin. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru su haɗa rajista ɗaya, a rubuta kowane majinyaci, sanadin ciwonsa, ranar da ya iso da yadda ya ƙare, a ma'aunin shanyewar fuska na House da Brackmann mai mataki shida da duniya ke amfani da shi tun 1985. Malaman jami'a na sassan kunne, ido, jijiyoyi da gashi su nemi tallafin asusun bincike na TETFund da takarda guda, maimakon kowa ya ja nasa. Attajiranmu kuma su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu masu wannan nazari, domin ilmin da ake amfana da shi sadaka ce mai gudana.

Ku kuma iyaye da maƙwabta, naku aikin ba ya jiran kasafi. Kada a ɓoye mai karkataccen baki a ɗaki, kada a yi masa dariya, kada a bari ya kwana bai ga likita ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.