An Biya Tara, Me Ya Hana Ka Fita?

Maganarmu ta yau ta waɗanda suka fāɗi ce. Muna nufin mai bi wanda aka yi masa baftisma, yana cin jibin Ubangiji, wataƙila har ya riƙe aiki cikin ikilisiya, sa'an nan ya yi abin kunya, kowa kuwa ya ji. Karatunmu yana cikin Luka sura 22, aya 54 zuwa 62, da Yahaya sura 21, aya 1 zuwa 19. In Littafi Mai Tsarki yana kusa da kai, ka buɗe ka ajiye.

Duk wanda ya san birnin Kano ya san duwatsu biyu da ke cikin ganuwa, Dala da Goron Dutse. Amma in ka ji an ce an kai wane Goron Dutse, ba hawan dutse ya tafi ba, gidan yari ake nufi. Tun shekarar 2019 doka ta sāke wa gidajen yarin Nijeriya suna, ana ce da su gidajen gyaran hali, ko da yake bakin jama'a bai saba ba tukuna. A gidan nan, da na Kurmawa kusa da gidan Sarki, akan sami mutanen da ba wani babban laifi ne ya tsare su ba. Alƙali ya ce ɗauri ko tara, suka rasa kuɗin tarar, shi ke nan suka zauna. Mutum ya san abin da ake binsa, ya san ƙofar fita, amma hannunsa ba ya kaiwa.

Akwai hanyar fita biyu ga irin wannan mutum. Tsarin mulkin 1999, sashe na 212, ya ba gwamna ikon yin afuwa, gwamnonin Kano kuwa sun sha yin haka, musamman lokacin Sallah. A watan Disamba na 2017, da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ziyarci Kurmawa, an saki fursunoni 500. Hanya ta biyu ita ce wani mai hali ya zo ya biya tarar. Wanda ke ciki bai ba da ko kwabo ba, wani lokaci ma bai san mai biyan ba, sai dai ya ji gandiroba yana kiran sunansa.

To, 'yan'uwa, a nan ne za mu fara gane abin da ake ce da shi alherin Allah. Sai dai misalin bai kai ba. Kafin gwamna ya yi afuwa akan duba takardu: wa ya nuna halin kirki, wa ya tsufa, wa ke ciwo, wa ya kusa gama wa'adinsa. Allah bai duba takardarmu ya ga mun cancanta ba. Romawa sura 5 ta koya mana cewa Almasihu ya mutu dominmu tun muna cikin zunubinmu. Kuma bai share hukuncin da alƙalami kawai ba, kamar dai laifin ba kome ba ne. Tarar an biya ta, da jininsa a kan gicciye.

Yawancinmu mun yarda da wannan game da zunuban da muka yi kafin mu ba da gaskiya. Inda muke tuntuɓe shi ne zunubin da aka yi bayan haka. Shaiɗan yakan raɗa wa mutum cewa, an riga an biya maka sau ɗaya, ka koma da ƙafarka, wa zai sāke biya? Saboda haka ne muka zaɓi labarin Bitrus.

Bitrus ba sabon tuba ba ne. Shekara uku yana bin Yesu. Ya ga an ta da 'yar Yayirus, ya ga ɗaukakar Ubangiji a kan dutse, shi ne kuma ya bugi ƙirji a daren nan cewa ko kurkuku ko mutuwa ba za su raba shi da Ubangijinsa ba. Ba a kai wayewar gari ba, yana jin ɗumi a tsakar gidan babban firist, wata baranya ta dube shi ta ce shi ma nasu ne. Ya musa. Aka sāke, ya musa. Sau uku. Ba bulala aka ɗaga masa ba, magana ce kawai. Zakara ya yi cara, Yesu ya juyo ya dube shi, Bitrus ya fita waje ya yi kuka mai zafi.

Ku lura da abin da ya biyo baya. Cikin Markus sura 16, da mala'ika ya aiki matan nan su kai labarin tashin Yesu, ya ambaci almajirai gaba ɗaya, sa'an nan ya ƙara sunan Bitrus shi kaɗai. Mu a ganinmu, da ba a kira sunansa ba, da Bitrus ya ɗauka saƙon ba nasa ba ne. Daga baya a bakin Tekun Tibariya, bayan sun kwana suna jefa taru ba su kama kome ba, suka tarar Yesu ya hura wutar gawayi, ga kifi ga gurasa. A bakin wutar gawayi Bitrus ya yi musu, a bakin wutar gawayi kuma aka tashe shi. Sai da ya ci ya ƙoshi tukuna Yesu ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa. Sau uku ya tambaya, har ran Bitrus ya ɓaci, gama tambayar ta taɓa gyambon. Kowane karo kuwa Yesu ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Bai ce ya tafi ya yi shekara biyu a gani ba. Makonni kaɗan bayan haka, ranar Fentikos, mutumin nan ne ya miƙe ya yi wa'azi, wajen mutum 3,000 suka karɓi baftisma.

Yahuza ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa 30 ɗin nan. Amma wurin firistoci ya kai nadamarsa, ba su kuwa da abin ba shi. Bitrus da ya ji an ce Ubangiji ne a gaɓa, sai ya faɗa ruwa ya nufe shi.

Yanzu bari mu yi magana da ikilisiya, gama laifinmu a nan ba kaɗan ba ne. Wanda ya fito daga Goron Dutse yakan tarar cewa ƙofar gidan yari ta fi ta unguwa saurin buɗewa. Ba mai ba shi aiki, ba mai ba shi 'ya, abu ya ɓata a kasuwa shi za a fara kallo. Mu ma haka muke yi. Dattawa su sa mutum ƙarƙashin horo, daidai ne, Littafi ya yarda da horo. Amma sai wa'adi ya cika, a karanta a gaban jama'a cewa an karɓe shi, shekara goma kuma ana nuna shi da baki. Yarinyar da ta yi ciki ta zauna bencin baya, wanda ya yi mata yana nan yana walwala. Ma'ajin da ya ci kuɗin baiko ya biya duka, har yau in ya shigo sai a kama jaka. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Manzo Bulus ya rubuta wa Korantiyawa, cikin wasiƙarsa ta 2 sura 2, cewa horon da aka yi wa mai laifin nan ya isa, su yafe masa su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Bulus ɗin nan shi ne ya ƙi tafiya da Markus don ya gudu ya bar su a Bamfiliya, har suka rabu da Barnaba a kan haka. Da ya tsufa yana ɗaure, sai ga shi yana roƙon Timoti ya zo masa da Markus, gama yana da amfani a gare shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, da kika daina zuwa sujada saboda kunya: kada ki jira sai kin ji kin tsarkaka. Ki faɗa wa Allah laifin da sunansa, ba da kewaye-kewaye ba. 1 Yahaya sura 1 aya 9 ta yi alkawarin gafara da tsarkakewa ga mai furta zunubinsa. In akwai hakkin wani a hannunka, ka mayar kamar yadda Zakka ya yi, ko da kaɗan kaɗan ne. Gafarar Allah ba ta cewa alƙali ba zai yi shari'arsa ba, ba ta kuwa cewa matarka za ta manta yau. Sa'an nan ka nemi fasto ko dattijo guda ɗaya cikin makon nan, ka zauna da shi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka tuna da waɗanda ke tsare a Goron Dutse da Kurmawa, da iyalansu da ke jiransu. Ka tuna da wanda yake sauraronmu yanzu, kunya ta hana shi ɗaga kai. Ka kira shi da sunansa kamar yadda ka kira Bitrus. Ka ba dattawan ikilisiyoyinmu hikimar yin horo da zuciyar karɓa. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Dawuda da annabi Natan. Ku karanta 2 Sama'ila sura 12 da Zabura 51 kafin lokacin. Mu kwana lafiya.