Sankarar Bakin Mahaifa: Ina Ruwan Ɗalibi?



Mun lura da aka faɗi kan jawabin nan waɗansu samari suka soma duban ƙofa, wai zancen mata ne. To, ku dakata tukuna. Ƙwayar cutar da ake kira HPV ta hanyar saduwa take yaɗuwa, namiji kuwa yakan ɗauke ta ya kai wa iyalinsa bai ko sani ba. Shi ma ba ta bar shi ba, domin takan jawo masa sankarar maƙogwaro ko ta al'aura.

Yawanci jiki yakan kashe ta da kansa. Amma in ta zauna a bakin mahaifa sai ta yi ta ɓarna a ɓoye, shekara 15 har 20, ba zafi ba zazzaɓi. Ran da jini ya fara zuba, sai a ce sammu ne ko tsafi, a yi ta jiƙe-jiƙe, kafin a kai asibiti ta riga ta ci jiki. A 2020 an ƙiyasta mata kamar 12,000 sun kamu a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu. Iri biyu kacal na ƙwayar, watau 16 da 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100.

Tun 2006 duniya ta sami allurar rigakafinta, mu kuwa sai a Oktoba 2023 gwamnati ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum, allura ɗaya, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Nan da nan raɗe-raɗi ya tashi, wai tana hana haihuwa. Jama'a, ai mun san wannan zance! Shi aka yi a kan rigakafin shan inna a 2003, aka dakatar da shi a Kano, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta, yara suka shanye. Allurar ba ta taɓa haihuwa. Sankarar ce ke sa a cire wa mace mahaifa.

Iyayenmu da yayyenmu da suka wuce wannan shekaru, nasu gwaji ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada mace kafin ta kai 35, a sake kafin 45. In an ga tabon da wuri, ana ƙone shi tun bai zama sankara ba.

Hutu ya matso. A garuruwanmu mu ake miƙa wa takardar asibiti a ce mu karanta, abin da muka faɗa kuwa ana ji. In mun sauka gida, mu sami Inna a ɗaki, cikin ladabi, mu tambaye ta ko an yi wa ƙannenmu allurar, ita kuma ko an taɓa gwada ta.