Zane ba wasa ba ne



A Faransa an yi wani ɗan talaka, Gaspar Monj, haihuwar 1746. Yana saurayi ya zana taswirar garinsu. Wani hafsa ya gani, ya kai shi makarantar injiniyoyin soja. Can ya zama malamin lissafi, har a 1794 da shi aka kafa Politeknik ta Pari.

Ku dubi madatsun ruwan Proje Keita, da aka soma a 1984. Kowace sai da aka zana ta bisa takarda, kana matanmu suka ɗauko duwatsu. Wa zai zana na gobe?

Yaro mai zane a ƙasa, kada ku fidda shi lakwal. Ku saya masa regil da kompa. Lise teknik na Maraɗi na jiransa.